Saturnina da Fangalin Kunnen Jaki

A garin Maras, duk wanda ya haura shekara talatin ya taɓa shan faɗan Saturnina Ayma. In bai sha a kasuwa ba, ya sha a ƙofar coci. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, da kitso biyu har ƙugu, da doguwar farar hula wadda iska ma ba ta isa ta taɓa ba. Gishiri ya cinye zanen yatsunta tun tana budurwa. Ranar da aka zo sabunta katin shaida, na'ura ta ƙi karanta babban yatsanta har sau huɗu. Ma'aikacin ya fara tsaki, sai ta janye hannunta ta ce masa, "Ɗana, in zanen kake nema, sauka kwari. Can na bar shi, shekara hamsin ke nan."

Kwarin da take nufi shi ne kwarin gishiri. Wani marmaro ne mai ɗumi yake fitowa daga cikin dutse, ruwansa ya fi hawaye zartsi. Yakan bi wata magudana da faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, ya rarrabu cikin dubban fangali da ke manne a jikin gangare, wani bisa kan wani. Kowane fangali da gidan da ya gaje shi, kowane kuma da bakinsa, wanda ake toshewa da dutse da tsumma. Kowane gida da ranar ruwansa da sa'o'insa. Ranar da ba taka ba, ko ruwan yana lasar bakin fangalinka, sai dai ka kalle shi ya wuce. Fangalin da ya sha ruwan wani kuwa, hukuncinsa ɗaya ne tun kaka da kakanni: a liƙe bakinsa da yumɓu shekara guda cur. Kowa ya san ma'anar wannan. Fangalin da ya yi rani a bushe, daɓensa kan tsage har ƙasa, damina ta zo ta shiga tsagar, ta kwashe shi zuwa kogi.

Fangali bakwai Saturnina ta gada daga mahaifiyarta, Mama Eulogia. Shida daga ciki abin neman abinci ne kawai. Na bakwai shi ne Kunnen Jaki, can sama daf da hanyar ƙafa, dogo mai tsini a ƙarshe, yadda sunansa ya faɗa. Duk shekara in damina ta ɗauke, sai an kwashe laka, a shimfiɗa sabon yumɓu, a bi shi da madaɓi har ya yi sumul kamar cikin akushi. A Kunnen Jaki ba a kankare tsohon daɓe, sai dai a ɗora sabo a kai. Shi ya sa in ka tona gefensa da farce za ka gan shi hawa-hawa: na Saturnina a sama, na Eulogia a ƙarƙashi, sai na kakarta, har zuwa na wasu mata da ba wanda ya riƙe sunansu. A bakin fangalin nan naƙuda ta kama Eulogia. A bakinsa kuma ta faɗi matacciya da kwando a hannu, shekarar da Saturnina ta cika sha bakwai, ƙanenta Damaso yana ɗan shekara huɗu. Ubansu bai yi damina biyu ba ya bi ta.

Ita ta goya Damaso, ita ta yi masa tsarki, ita ta tsince masa kwarkwata. Takan ɗora gishiri bisa jaki ta hau da shi ƙauyukan kan dutse, ta yi musayarsa da dankali da ulu, abin da ya ragu ta kai kasuwa don littattafan yaron. Ta yi aure, mijin ya rasu, 'ya'yanta biyu suka tafi Lima ba sa zuwa sai da biki. Damaso kuwa ya yi karatu, ya koma Cusco, ya koyi yaren baƙi, ya samu wata jar falmaran mai rubutu a baya. Aikinsa shi ne ya cika mota da masu yawon buɗe ido, da safe ya kai su Moray su ga tsofaffin gonakin tsohuwar daular Inka, kafin rana ta take ya gangaro da su kwarin gishiri.

Shekara talatin rabonsa da madaɓi. Amma duk kaka sai ta aika masa da buhu guda na gishirin Kunnen Jaki. Gishirin fangali kala uku ne: na sama fari mai ɗan ja-ja, shi ne na miya, na tsakiya, na kasuwa, na ƙasa mai launin laka, wanda ake ba shanu da tumaki su lasa. Na saman take aika masa, don a cewarta Eulogia ba ita kaɗai ta haifa ba.

Da baƙin kam ba ta taɓa shiri ba. Fangalinta ne na farko a bakin hanya, shi ke karɓar kyautarsu. Ta tsamo guntun taba, ta tsamo cingam, ta tsamo gashi kala-kala, ta tsamo kwabbai da wasu ke jefawa wai don sa'a. Wata rana ta kama wani ƙato yana tofa yawu don ya ga ko zai nutse. Tana cikin waɗanda suka yi ta ɗaga murya har aka ja igiya aka ce baƙo ya tsaya a hanya, kada ya sauka. Ta ɗauka an gama. Ba ta san igiya ba ta tare ɗan gida ba.

Abin ya faru ne wata Talata cikin watan Agusta. Gishirin Kunnen Jaki ya nuna. Kwana talatin tana shayar da shi kaɗan-kaɗan tana barin rana ta yi aikinta, yanzu ya bushe ya yi fari tas, washegari za ta kwashe. Ita kuwa tana can ƙasan kwari wajen Tayta Melecio, wato Baba Melecio, wani tsoho mai ɗingishi wanda idanunsa suka fara yana. Ya taya ta kwashe laka a watan Mayu, yau ta zo rama gayya. Kwana huɗu suna daɓe masa fangalinsa uku da suka lalace, kuma duk arzikinsa ke nan a duniya. Sabon daɓe ba ya jira: in bai sha ruwa a ranarsa ba, rana ta fasa shi. Ranar ruwan Melecio ce, daga hantsi zuwa tsakar rana.

Na farko ya sha. Na biyu ya sha. Ana juya ruwa zuwa na uku, sai magudana ta fara ƙanƙancewa, ta koma kamar zare, ta ɗauke.

Melecio ya tsuguna ya shafa ta da hannu. "Mamay," ya ce, yadda ake kiran babbar mace, "ko idona ne, ko ruwan nan ya tafi coci?"

Ta miƙe ta kare fuska da tafi ta dubi sama. Can bisa gangare, inda ya kamata ta ga fari, sai ta ga wani abu yana walƙiya kamar madubi. Kunnen Jaki ne, cike maƙil, sararin sama kwance a cikinsa. Wata doguwar mace mai shuɗin gyale ta tsaya a gefensa ta buɗe hannuwa, wasu sun ɗaga wayoyi. A tsakiyarsu, ga jar falmaran.

Waɗanda ke aiki a kwarin ran nan sun ce ba su taɓa ganin mace mai shekara sittin da biyar ta hau gangare haka ba. Kan bangon fangali ta bi, wanda faɗinsa bai kai tafin ƙafa ba, ba ta ko dubi ƙasa. Amma tafiyar doguwa ce. Kafin ta kai, rana ta kusa tsakar ka.

Ba ta fara da magana ba. Ta ture ɓurɓushin ƙasar da aka datse babbar magudana da shi, ta ɗauki dutsen bakin fangalinta ta mayar, ruwa ya kama hanyarsa ta ƙasa. Sannan ta juyo.

"Damaso."

"Panay!" ya ce, yadda namiji ke kiran 'yar'uwarsa, yana washe baki. "Yanzu nake ba su labarinki..."

"Wa ya mutu ya bar maka Talata?"

"Haba, Panay. Minti goma ne fa. Mutanen nan daga ƙarshen duniya suka zo, suka tarar da shi a bushe kamar gwiwar raƙumin dutse. Hoto ɗaya kawai..."

"A bushe? Nuna ya yi, shashasha! Ka manta yadda gishiri ke nuna, ko falmaran ce ta matse maka ƙwaƙwalwa? Dubi! Dubi abin da ka yi!"

Ya duba. Ruwan ya narkar da saman, ya tayar da laka, farin ya koma kamar kunun da aka wanke tukunya da shi.

"Zai sake yi," ya ce a hankali. "Ai fangalin uwarmu ne, ni ma ina da..."

"Fangalin uwarka ne, ruwan uban wa? Ruwan Melecio ka sata! Tsoho mai ƙafa ɗaya da rabi yana can tsugune yana shafa busasshiyar magudana, kai kana nan kana yi wa 'yar mutane madubi!"

Baƙin sun juyo da wayoyinsu kanta. Ɗaya ya tambayi Damaso wani abu, ya amsa da murmushi, sai duk suka yi murmushi, wata har da ɗan tafi. Saturnina ba ta jin yarensu, amma ta san muryar ƙanenta in yana ƙarya. Ita ta rene shi.

"Me ka ce musu?"

"Cewa na yi... kina yi musu maraba irin ta gargajiya."

Ta sunkuya ta dumbuzo taɓon gishiri da hannu biyu, ta shafa masa a ƙirjin falmaran tun daga wuya har cibiya. "To ga sauran marabar. Fassara musu."

Ana cikin haka Tayta Sabino, mai rabon ruwa, ya iso da sandarsa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya dubi fangalin, ya dubi magudana, sannan ya daɗe yana kallon bangon hagu. Akwai shatar danshi inda aka ajiye dutsen, kuma tsumman toshiyar na nan a wurin, an matse shi, an ninke shi uku, tsaf. Ya ɗauke shi ya miƙa wa Saturnina.

"Lahadi, bayan an fito coci," ya ce, ya juya.

Ruwan ya isa wajen Melecio saura kaɗan sa'arsa ta cika. Bai ko jiƙa rabin fangali na uku ba aka juya shi ga mai bi masa. Kafin la'asar, daɓen kwana huɗu ya tsage kamar bayan kunkuru.

Kwana uku Damaso yana zuwa da baƙinsa ta wata hanya, yana kauce mata. Ran Asabar da sassafe ta ɗaura mayafinta ta kama hanyar Moray da ƙafa, tafiyar awa biyu cikin gonakin sha'ir da aka girbe. Rabonta da wurin ya fi shekara arba'in, kuma da gangan ne.

A ƙofa wani saurayi ya nemi katinta kafin ya bar ta ta shiga. Ta ba shi ba tare da faɗa ba, abin da ya ba duk wanda ya san ta mamaki da ya ji labari. Ta tsaya a bakin ƙaton ramin da ake zuwa kallo. Gonakin na nan yadda ta san su, zobe cikin zobe, kowane da bangon dutse, suna sauka har ƙasa kamar an jera akusa ƙarami cikin babba. Zobe na uku daga ƙasa, ta gefen gabas, nan ubanta yake noma. Tana yarinya takan sauka masa da abinci ta kan duwatsun da aka kafa a jikin bango don taka ƙafa. A sama sanyi na cizon kunne, a ƙasa sai ka cire mayafi. Masara yake shukawa can ƙasa, dankali a sama, kuma ya san halin kowane zobe kamar yadda ya san halin 'ya'yansa. Sai wata shekara wasu suka zo da takardu suka ce wurin na tarihi ne, garma na ɓata shi. Aka ba tsohon wani tudu da iska ke askewa. Yanzu ciyawa ce a zoben nasa, an aske ta lumui, an kewaye da igiya. Ba ko ƙwayar masara ɗaya.

Sai ta ji muryar ƙanenta. Yana tsaye da sabbin baƙi, falmaran an wanke, yana nuna ramin da hannu, yana dafa ƙirji. Ta jira ya sallame su su yi hotunansu.

"Me kake faɗa musu kana dafa ƙirji?"

Ya yi firgigit. "Panay, da ƙafa kika zo?"

"A'a, bisa kanka na hau. Me kake faɗa musu?"

"Cewa nake kakanninmu ne suka gina. Masu hikima ne, sun san ƙasa, sun san ruwa."

"Kakanninka. Ka faɗa musu ubanka fa? Ka nuna musu inda aka fisge garma daga hannunsa don su samu ciyawar kallo? Wannan sun mayar da shi hoto, ba da hannunmu ba. Kunnen Jaki kuma kai za ka mayar, da hannunka."

Ya ja ta gefe, ya rage murya. "Saurara, na yi tunani. Gobe ki ce ƙafar baƙo ce. Wani ya tsallake igiya ya yi tuntuɓe da dutsen. Ba a hukunta fangali don ƙafar baƙo, kin sani. Melecio ba ya gani. Sabino kuwa ba zai so ya kashe fangalin Eulogia ba, shi ya ɗauki gawarta. Kowa zai yarda, Panay. Kowa haushin baƙin nan yake ji."

Ta dube shi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa: kowa zai yarda.

"Ka zo gobe," ta ce. "Ka bar rigar nan a gida."

Ba ta yi masa alkawarin komai ba, don ita ma ba ta san abin da za ta faɗa ba. Duk hanyar komawa tana ganin daɓen nan hawa-hawa, tana ganin damina tana cusa yatsu a tsagarsa, tana ganin hannun uwarta na gangarawa kogi cikin jan ruwa. Kalma uku kawai ake nema daga bakinta.

Ran Lahadi masu gishiri suka taru a filin da ke gaban rumbun ajiya, maza da huluna a hannu, mata zaune a ƙasa suna kaɗa mazari, wasu na taunar ganyen koka. Al'ada ce duk mai magana a kan ruwa ya fara ɗora gishirin fangalinsa a harshe. Melecio ya ɗora nasa.

"Ni dai ruwa ya ɗauke mini, fangalina ya fashe," ya ce. "Na ɗaga kai, wani ja-ja na gani can sama. Ko mutum ne, ko fure, ko zakara, ban sani ba. Idon nan sai godiya."

Aka yi 'yar dariya. Damaso na can baya da tsohuwar riga, kansa a ƙasa.

Sabino ya kira Saturnina. Ta kwance bakin mayafinta, ta ɗebo ɗan gishirin Kunnen Jaki, mai laka-laka, ta ɗora a harshe.

"Mamay Saturnina," Sabino ya ce, yana kallon sandarsa ba ita ba, "kowa ya san fangalinki a bakin hanya yake. Kowa ya san abin da kike sha a hannun mutanen nan. Ko dai... ƙafar wani ce ta ture dutsen?"

Nan take fili ya ɗauka. "Su ne mana!" "Bara ma wani ya faɗa cikin nawa!" "Ba su da kunya!" Wata ƙawarta ta jawo gefen siket ɗinta tana raɗa, "Ki ce e, mu tashi, wake na kan wuta."

Saturnina ta dubi fuskokin. Duk sun sani. Rabinsu suna kwarin ran nan. Sun shimfiɗa mata ƙarya kamar tabarma, suna jira ta zauna. 

"Tausayina kuke ji?" ta ce. "Ni Saturnina? Sabino, kai ka tsinci tsumman. Faɗa musu yadda ka same shi."

Sabino ya kau da kai.

"To ni zan faɗa. A matse, a ninke uku, a bangon hagu, dutse a kansa. Wace ƙafa ce ke ninke tsumma? Wane baƙo ya san a datse babbar magudana kafin a buɗe ƙarama? Haka Eulogia take ajiye dutsenta don kada ya gangara. Haka ta koya mini, haka na koya wa wancan da ke ɓoye bayan mutane, tun bai iya ɗaure wandonsa ba. Shekara talatin bai taɓa aikin ba, kansa ya manta komai, hannunsa ne bai manta ba. Hannun gidanmu ne ya saci ruwan Melecio."

"Mamay..." wani ya fara.

"Ban gama ba! Baƙi sun yi mana tofi, sun yi mana shara, na zage su, zan kuma ƙara. Amma wannan ba su ba ne. In yau na ce ƙafar baƙo, gobe kai Fulgencio da ke ɗaga murya, ranar da gishirinka ya ji ƙishi, za ka samu taka ƙafar baƙon. Jibi wani. Shekara mai zuwa wane ne a ƙasan kwari zai ga ruwa? Ku liƙe shi. Fangalina ya sha abin da ba nasa ba."

Ta ɗaure bakin mayafinta ta zauna.

Washegari Sabino ya liƙe bakin Kunnen Jaki da yumɓu, ya danna kan sandarsa a jiki don shaida. Tana tsaye tana kallo. Da ya gama ya kasa haɗa ido da ita.

"Tayta," ta ce, "doka ruwan marmaro ta hana. Ta hana ruwan kogi?"

Ya dubi ƙasan kwari, can nesa inda kogi ke wucewa, tafiyar awa guda ga mai hawa hannu sake. "Ba ta hana ba. Ba a dai taɓa samun mahaukacin da ya tambaya ba. Ruwan daɗi ba zai ba ki ko ƙwayar gishiri ba, Mamay."

"Na tambaye ka gishiri?"

Ta fara da Melecio. Kwana biyar tana farfasa tsagaggen daɓensa tana sabuntawa, ta kuma ba shi ranar ruwanta guda. Sannan ta yanko doguwar ciyawar kan dutse ta lulluɓe Kunnen Jaki kamar mai zazzaɓi. Kullum da sanyin safiya takan sauka kogi da tsohon jakinta, jarka biyu a bayansa, ɗaya a nata bayan cikin mayafi, ta hau, ta yayyafa bisa ciyawar da tafin hannu, don kawai yumɓun ya kwana da danshi. Sannan ta tafi aikin sauran shidan. Baƙi suka samu sabon abin ɗauka: tsohuwa tana ba ciyawa ruwa a tsakiyar gishiri. Ba ta ko ɗaga kai. Fushin da take yi yanzu ba shi da lokacin magana.

A kwana na goma sha tara jakin ya gurɗe. Kwana uku tana hawa da jarka ɗaya, wadda ba ta isa ko'ina ba, tsinin kunnen ba ya samu. Ran na huɗu ta iso bakin kogi ta tarar da mutum tsugune yana cika jarka. Ba falmaran. Takalmin taya ne a ƙafarsa, irin wanda ya rantse ba zai ƙara sawa ba.

"Panay," ya ce.

Ta wuce shi ta cika tata.

"Na ba wani motar safe. Zan riƙa zuwa."

"Wa ya tambaye ka?"

Suka hau, tana gaba yana baya yana haki kamar zai amayar da huhunsa. Sau uku yana tsayawa, ba ta jira shi ba. Da ya iso ya kwance murfi zai tuttula, ta daka masa tsawa.

"Wanka za ka yi masa? Da hannu! Yayyafi! Kai, Eulogia, dubi abin da kika bar mini."

Ya zo washegari, ya zo jibi. Ya yi ta zuwa har damina ta sauka a watan Nuwamba, ya kuma dawo da ta ɗauke, har shekara ta zagayo. Kafaɗunsa suka yi kanta, tumbinsa ya zube. Duk tsawon lokacin nan ba ta kira shi Turay ba, yadda mace ke kiran ɗan'uwanta. "Kai" take ce masa, ko "mai madubi".

Ranar da Sabino ya fasa liƙin, suka yaye ciyawar. Daɓen na nan, sumul, hawa-hawa, tun daga baki har kusan ƙarshe. Sai can a tsinin kunnen, inda ya yi kwana uku ba ruwa, wata tsaga ta ratsa har ƙasa, tsawon kamu biyu. Ta cike ta, ta daɓe, ta sake daɓewa. Ta riƙe ruwa, amma har yau gishirin da ke fitowa a kusurwar nan launin laka ne tun daga sama har ƙasa, ko sau nawa aka tace.

Saturnina na nan da ranta, ta haura saba'in, tana kuma sauka kwari. Damaso ya koma ga baƙinsa, sai dai in ya kawo su bakin igiya yakan sa hannuwansa biyu a aljihu, kuma duk watan Mayu yakan zo ya riƙe madaɓi tana tsaye a kansa tana kushe aikin. Duk kaka kuma buhunsa na isa Cusco, bai taɓa fashi ba, don Eulogia ba ita kaɗai ta haifa ba. Daga kusurwar nan take cika shi, da hannunta. Shekarar farko matarsa ta buɗe ta ga gishirin shanu, ta aiko a tambaya ko kuskure aka yi.

"Ku ce mata ba kuskure," in ji Saturnina. "Nasa ne. Shi ya noma shi."